Sifikar tsakiya: Yadda ake zaɓar amfili mai sauƙin kuɗi ba tare da an ƙona kaya ba

Ƙorafin iri ɗaya ne a falo da yawa, daga Yamai har Damagaram. Idan mota ta fashe a cikin fim, tagogi na rawa har maƙwabta su leƙo, amma da zarar taurarin sun fara magana sai kowa ya miƙa wuya yana tambayar na kusa da shi abin da aka ce. Mai riƙe da telekomand ya ƙara murya, ya rage, ya sake ƙarawa, har fim ya ƙare bai huta ba.

Maganin wannan matsala yana cikin wani akwati mai kwance da ake ajewa a ƙarƙashin tele, wato sifikar tsakiya. Matasa da dama na da ita a ɗaki. Wani ya gaje ta daga tsohuwar sinimar gida da injinta ya mutu, wani ya tsince ta cikin kayan hannu a kasuwa, wani kuma yayansa da ke ƙetare ne ya aiko masa. Sai dai akasarin irin wannan sifika ba ta da wayar wuta. Kafofi biyu kawai gare ta a baya, ja da baƙa, kuma ba za ta ce uffan ba sai an haɗa ta da amfili, wanda a Najeriya ake kira amfilifaya.

A nan ne kuɗi ke salwanta. A ƙasar da albashi mafi ƙanƙanta yake jika 42 a wata tun watan Janairun 2024, sayen amfilin da bai dace ba na iya cinye kuɗin wata guda cur, kuma wani lokaci ya tafi da sifikar ma gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa ta tsakiya ta fi sauran aiki

Tunanin raba sauti gida uku ya girmi talabijin ɗin da ke cikin gidajenmu. A 1933 injiniyoyin Bell Labs na Amurka sun aika kiɗan wata babbar ƙungiyar makaɗa ta wayar tarho daga Filadelfiya zuwa Washington ta layi uku: hagu, tsakiya da dama. A tsakiyar shekarun 1970 kamfanin Dolby ya ƙara yaɗa tsarin cikin gidajen sinima, fim ɗin Star Wars na 1977 kuma ya sa duniya ta san shi. Layin tsakiya ya shigo gidajen mutane a 1987 da tsarin Dolby Pro Logic. Bayan haka aka samu Dolby Digital a 1992 da DTS a 1993, waɗanda suka kafa tsarin da ake kira 5.1: sifikoki biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe ko baya, sai wufa mai ɗaukar rugugi.

A wannan tsari, kusan duk maganar da ke cikin fim a layin tsakiya ake zuba ta. Idan tele ce kaɗai ke aiki, ko sifikoki biyu, na'urar kan cakuɗa layukan shida su koma biyu, sai maganar ta nutse cikin kiɗa da ƙarar bindiga. Wanda ya zauna daidai tsakiyar sifikokin biyu yana iya jin muryar kamar daga allo take fitowa. Amma falon Bahaushe ba na mutum ɗaya ba ne: tsofaffi na kan kujera, yara na kan tabarma, baƙo na bakin ƙofa. Sifikar tsakiya ce ke sa duk inda mutum ya zauna ya ji maganar daga wurin da yake ganin bakin mai yin ta.

Kafin a tambayi farashi, a tambayi inda sautin zai fito

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi amfilin kiɗa mai layi biyu a zaci zai ba da muryar tsakiya. Aikin amfili ƙara ƙarfi ne kawai. Abin da aka ba shi, shi zai ƙara wa ƙarfi. Idan babu na'urar da ta ware layin magana daga sauran, sifikar tsakiya za ta riƙa fitar da sautin hagu ko na dama ne kawai, kuma matsalar tana nan yadda take.

Hanyoyi uku ne ake bi. Ta farko ita ce amfilin sinima, babban akwatin nan mai kafofi da yawa a baya, irin na Yamaha, Denon, Onkyo, Pioneer, Sony ko Marantz. Shi yana warware Dolby Digital da DTS da kansa, kuma yana da amfili biyar ko bakwai a cikinsa, ɗaya daga ciki na tsakiya ne. Sabo a Turai ba kasafai yake gaza yuro 300 ba, wato sama da jika 196 bisa canjin da ba ya motsi na sefa 655,957 kan yuro dubu, kafin a sa kuɗin dako da na kwastan. Amma tsofaffin da aka ƙera a shekarun 2000, waɗanda ba su da kafar HDMI, farashinsu ya faɗi ƙwarai, alhali sautinsu lafiya lau yake. Dabarar ita ce hoto ya tafi kai tsaye daga dikoda zuwa tele, sauti kuma ya fito daga tele zuwa amfilin ta wayar haske, wadda masu shago ke kira optik. Ga wanda yake son tsarin 5.1 da kuɗi kaɗan, wannan ce hanyar da ta fi riba.

Hanya ta biyu ita ce ƙaramin akwatin rarraba sauti, wanda ke karɓar optik ko HDMI ya fitar da layuka shida daban-daban, kowanne da kafarsa. Daga kafar da aka rubuta wa CEN sai a ja waya zuwa ƙaramin amfili. Wajibi ne akwatin ya kasance da maɓallin murya guda da ke juya duk layukan tare, in ba haka ba duk lokacin da aka ƙara murya sai an tashi an murɗa amfili biyu ko uku ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta uku ta shafi wanda yake da amfilin sinima, amma ɓangaren tsakiyarsa ya ƙone ko ya yi rauni. Idan a bayansa akwai wurin da aka rubuta PRE OUT da kafar CENTER, ana iya jan layin zuwa wani amfili na waje. A duba da ido kafin a kashe kuɗi, domin masu ƙaramin farashi galibi kafar wufa kaɗai suke da ita a wannan wuri.

Akwai kuma batun abin da ake kallo. Wayar optik na ɗaukar 5.1 ne kawai idan sautin Dolby Digital ne ko DTS, saboda haka a saitin tele a zaɓi ɗaya daga cikinsu ko Auto, domin idan aka bar shi a PCM layi biyu kaɗai za su wuce. Finafinan Netflix da faya-fayan DVD na asali na zuwa da 5.1. Amma shirye-shiryen Kannywood da ake saukewa daga YouTube, da finafinan Indiya masu fassarar Hausa da ake turawa a katin memori, galibinsu layi biyu ne ko ma ɗaya. A nan tsarin Pro Logic II, wanda ya fito a shekarar 2000 kuma yake cikin kusan duk amfilin sinima na wancan zamani, yake da amfani: yana tsamo abin da hagu da dama suka yi tarayya a kai, wanda akasari magana ce, ya tura shi tsakiya.

Wani abu da ba a yi ko da wasa shi ne haɗa wayoyin hagu da na dama na amfili wuri guda a kan sifika ɗaya don a samu "tsakiya". Ɓangarorin biyu za su riƙa tura wa juna wuta har ɗaya ya ƙone. A ƙananan amfilin zamani ko baƙaƙen kafofin biyu ba a haɗawa, domin kowacce na ɗauke da wuta. Idan amfili mai layi biyu ne a hannu, a yi amfani da ɓangare ɗaya, a bar ɗayan ba waya.

Lambobin da ke kan kwali

A Babbar Kasuwa ko Katako a Yamai, a Kasuwar Dole ta Damagaram, ko a shagunan kayan wuta na Maraɗi da ke sarin kaya daga Sabon Garin Kano da kasuwar Alaba ta Legas, abin da ya fi jan ido a kan kwali shi ne lambar wat. Ana ganin 2000W, 3000W, har 5000W a kan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Kusa da lambar sau da yawa akwai haruffa huɗu, PMPO. Wannan ma'auni ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka amince da ita, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Rikicin lambobin ƙarya ya tsufa, domin tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka da ta tilasta wa masu ƙera amfili su faɗi ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa ba tsayawa. Wannan ƙarfi shi ake rubutawa da RMS, kuma shi kaɗai ne abin dubawa.

Idan babu RMS a kan kwali, akwai lissafin da ba ya buƙatar makaranta mai zurfi. Amfili ba ya fitar da wutar da ta fi wadda ya sha. A juya bayansa a karanta abin da yake ci. Idan an rubuta 60W a can, to duk layukansa a haɗe ba za su yi ko kusa da 3000 ɗin da aka zana a gaba da jan fenti ba. Idan mai caja ne a waje, a ninka bolt da amfa: caja mai 12V da 2A wat 24 take bayarwa, mai 24V da 5A kuma wat 120.

Yawan bolt ɗin ma na da iyakar da yake sawa. Ƙaramin amfilin zamani da ke aiki da bolt 12 ba zai ba sifika mai om 8 fiye da wat 9 na sauti mai tsabta ba. Idan aka ba shi bolt 24, matuƙar an ƙera shi ya ɗauki hakan, yana kaiwa wat 30 da ɗoriya. Shi ya sa amfili iri ɗaya kan yi ƙarfi a gidan wani ya yi sanyi a gidan wani: bambancin yana cikin cajar da mai shago ya haɗa da shi. Wasu masu sayarwa na rage farashi ne ta hanyar sauya caja babba da ƙarama, mai saye kuma ya tafi yana murnar ya yi ciniki. Araha dai ba ta ado.

Wat nawa falo yake buƙata?

Amsar ta fi yadda ake zato ƙanƙanta. Kowace sifika na da ma'aunin da ke nuna ƙarar da take bayarwa idan aka ba ta wat 1 kuma aka auna daga nisan mita 1. Akan rubuta shi da dB, wato desibel, a bayanta ko a takardarta, kuma na sifikokin gida yawanci tsakanin 85 ne da 91.

A ɗauki mai 88. Wanda ke zaune mita 3 daga tele zai ji kusan desibel 78 daga wat 1 kacal, ba a ma lissafa abin da bango ke mayarwa ba. Hirar mutum biyu kuwa wajen desibel 60 ce. Da wat 10 ƙarar ta kai 88, da wat 50 ta kai 95, da wat 100 ta kai 98. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, abin da kunne ke ji kamar an ɗan taɓa maɓalli. Kafin mutum ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat ɗin sau goma.

Ma'anar wannan ita ce a falo irin na gidan haya, amfili mai wat 30 zuwa 60 na gaskiya ya wadatar da sifikar tsakiya. Biyan ƙarin jika ashirin don a tashi daga wat 50 zuwa 100 sayen desibel 3 ne. Mai gidan kallon ƙwallo ko mai fadar da ke fito da tele waje, inda babu bangon da zai mayar da sauti, shi ne ke buƙatar ƙari, kuma ko shi zai fi cin riba idan ya nemi sifika mai 91 maimakon mai 85, domin ta farkon da kashi ɗaya cikin huɗu na wutar take ba da ƙara iri ɗaya.

Ƙanƙantar da ta wuce kima ita ma tana da haɗari. Idan aka murɗa ƙaramin amfili har ƙarshe, sautin kan tsage ya yi kaushi, kuma wannan tsagewar ce ke ƙona tuwita, ƴar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti. Da zarar ta mutu, haruffa irin su s, sh, ts da f sun dushe, maganar ta koma kamar ana yin ta cikin tulu. Duk lokacin da murya ta fara kaushi, alama ce a rage.

Om 8, om 4 da tarkon om 3

Lamba ta biyu da ke bayan sifika ita ce ta om. Idan lambar ta yi ƙasa, sifikar na jan wuta da yawa daga amfili, shi kuma ya ƙara zafi. Akasarin amfilin sinima an ƙera su ne don om 6 zuwa 8. Ƙananan amfilin zamani kuwa na ɗaukar om 4 ba damuwa.

Tarkon yana wurin sifikokin da suka zo cikin kwali ɗaya da injin DVD, irin waɗanda suka cika gidajen amare shekarun baya. Da yawansu om 3 ne, an yi su ne don injinsu kaɗai. Idan aka ɗaura irinsu a kan amfilin om 8 aka ƙara murya, ko dai ya riƙa kashe kansa, ko ya ƙone idan ba shi da kariya. Idan rubutun baya ya goge, mai gyaran rediyo zai auna da mita cikin minti ɗaya: sifika mai om 8 kan nuna wajen 6, mai om 4 kan nuna wajen 3. Wadda ta nuna ƙasa da haka sai a yi hattara da ita, a riƙa kunna ta da murya matsakaiciya.

Zafi, ƙura da wutar Nigelec

Amfili iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai na aji AB, masu nauyi, masu babban taransifoma a ciki, waɗanda kusan rabin wutar da suke sha zafi take komawa. Akwai na aji D, ƙanana kamar littafi, da ke mayar da wajen kashi 90 cikin 100 na wutar zuwa sauti. Yawancin masu araha na aji D an gina su ne a kan ƙwayoyin kamfanin Texas Instruments. TPA3116 na aiki da bolt 4,5 zuwa 26, kuma tana kaiwa wat 50 a kowane layi kan om 4 idan ta samu bolt 21. TPA3255 ta fi ta ƙarfi, tana son bolt 18 zuwa sama da 50. Kamfanonin Sin irin su Fosi Audio, Aiyima da SMSL na sayar da amfili masu waɗannan ƙwayoyi, akasarinsu tsakanin yuro 50 da 150 a shagunan intanet na Turai, wato daga kusan jika 33 zuwa 98.

A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Amfilin aji AB da aka cusa cikin kabad, aka ɗora masa dikoda a kai, aka lulluɓe shi da ƙyallen ado, yana dafa kansa ne sannu a hankali. Yana buƙatar sarari kamar faɗin tafin hannu a samansa, kuma bayan hunturu a hure masa ƙurar da ta toshe ramukan shan iska. Amfaninsa shi ne masu gyara sun san cikinsa, kayansa na samuwa. Na aji D ba ya zafi sosai, amma idan ƙwayarsa ta ƙone sau da yawa sai dai a sauya allon gaba ɗaya.

Sai batun wuta. Mazauna birane ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta a lokacin, ta yanke layin sakamakon takunkumin CEDEAO, har zuwa farkon 2024. Tun daga nan gidaje da yawa suka koma ga faifan sola da batir. Ga irin waɗannan gidaje aji D ne ya dace, domin mai TPA3116 na iya shan wuta kai tsaye daga batir mai bolt 12, tare da fiyus a kan wayar. Amfilin mota shi ma na aiki da batir mai bolt 12, kuma an yi shi ne don om 4. Babban amfilin sinima kuwa idan aka ɗora shi kan inbata mai araha, wadda wutarta ba ta da santsi, yakan yi gurnani kuma taransifomarsa ta yi zafi.

Ga masu wutar Nigelec, lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ar da wuta ta dawo bayan an ɗauke. A zare fulogi da zarar ta tafi, a jira ta zauna kafin a mayar. Regilata mai jinkirta kunnawa, wadda ƙarfinta ya ninka abin da kayan ke ci, ta fi gyara araha.

Ga masu aikowa daga ƙetare

Wutar gida a Nijar bolt 220 ce. Kayan Faransa, Beljiyam, Jamus, Italiya, Ingila, Aljeriya da Najeriya na aiki kai tsaye, in ban da bakin fulogi da wani lokaci sai an sauya. Na Amurka da Kanada bolt 120 ne, na Japan bolt 100. Amfilin sinima da aka saya a New York ko Montreal, idan ƙane ya zumuɗa ya soka shi a bango a Tawa, daƙiƙa ɗaya ta isa ya tashi aiki. Dole sai da taransifoma mai rage wuta, kuma a sayi wadda ƙarfinta ya fi abin da amfilin ke ci da rabi ko fiye. Mai aikowa ya kamata ya manna takarda a kan fulogin da rubutu babba, domin ba koyaushe wanda aka yi wa bayani a waya ke buɗe kwalin ba.

Ƙananan amfilin aji D ba su cika samun wannan matsala ba, tunda cajarsu galibi an rubuta mata 100 zuwa 240V, amma a karanta kafin a saya. Suna da wani amfanin kuma: amfilin sinima na kai kilo 8 zuwa 12, ƙaramin kuwa da cajarsa yana shiga jakar matafiyi. Tun da hanyar tashar Kwatano ta samu cikas a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, dakon kaya masu nauyi ya ƙara tsada da jinkiri. Kafin a aiko da komai, hoton bayan sifikar da na bayan tele ta WhatsApp zai nuna wa mai saye om nawa ne da kuma kafofin da ake da su.

Gwajin minti goma a shago

Mai sayen na hannu ya tafi da sifikarsa, ko aƙalla ya sa a gwada a gabansa. Bayan kunna amfilin sinima da ƴan daƙiƙoƙi akan ji wani ɗan ƙas, alamar kariyarsa ta saki layi. Idan bai yi ba, ko ya kashe kansa, a bar shi. Amfilin sinima na da sautin gwaji da ke zagaya sifikoki ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar ya iso tsakiya da ƙarfi daidai da sauran. A gwada kafar optik da fim na gaske, a ga sunan Dolby Digital ya bayyana a allonsa. A bar shi yana aiki minti goma, a taɓa samansa, a shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna. A rage murya gaba ɗaya a kara kunne a sifika: ɗan huci kaɗan ba komai, gurnani mai ƙarfi kuwa alamar gyara ce. Telekomand ma ba abin rainawa ba ne, domin a wasu na'urorin ba a iya shiga saitin murya sai da ita. A ƙarshe a yi magana a fili kan kwana nawa za a iya mayar da kaya, a gaban shaida.

Wayar sifika ba ta buƙatar tsada. Ta tagulla mai kaurin milimita 1,5 ta isa ga nisan da bai wuce mita 10 ba. A kula ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, domin idan aka juya na tsakiya kaɗai, zai riƙa faɗa da na gefe, muryar ta yi rauni.

Gyaran da ba ya cin ko dala

Sau da yawa sifikar da ake zargi wurin zamanta ne bai yi ba. A jawo ta bakin teburi, kada a tura ta cikin rami, a ɗan ɗaga gabanta ta fuskanci kunnen mai zaune. A saitin amfili a nuna cewa ƙarama ce, a sa iyakar rugugi a 80Hz yadda wufa za ta ɗauki nauyin, lamarin da ke sauƙaƙa wa amfilin aiki. A ƙara wa layin tsakiya desibel 2 ko 3 kan sauran. Da dare a kunna tsarin da ke rage tazara tsakanin ƙara da raɗa, wanda kusan kowane amfilin sinima ke da shi. Falon siminti mai tayil kuma yana amsa kuwwa, darduma a ƙasa da labule mai kauri na iya gyara magana fiye da sabon amfili.

Akwai dalilin lafiya a cikin wannan duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma ma'aunin da ta bayar ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yara kuma 75. Gidan da magana ba ta fita sosai, dole a riƙa ƙara murya gaba ɗaya, yara na zaune dab da sifika. Idan layin tsakiya ya fito tsaf, ana iya rage sauran.

Saboda haka wanda ba shi da komai sai sifikoki ya nemi tsohon amfilin sinima mai kafar optik da wutar 220. Mai sola, ko mai ƙaramin ɗaki, ya haɗa akwatin rarraba sauti da amfilin aji D mai caja ta bolt 24. Mai amfilin da tsakiyarsa ta mutu ya duba PRE OUT, in babu ya fara kai shi wurin mai gyara. Wanda kuma abin da yake kallo bai wuce labarai da shirye-shiryen YouTube ba, kuma ba shi da na'urar da za ta ware masa layin tsakiya, sifikoki biyu masu kyau a gefen tele sun ishe shi, kuɗinsa su zauna a aljihu.